Ɗalibai da Aikin Wayar da Kan Jama'a: Darasin da Ke Bakin Iyakar Kongolam

Duk wanda ya bar birnin Daura ya nufi arewa cikin ƙasar Mai'aduwa, ba zai yi nisa ba zai iske Kongolam, garin da mutanen wurin suke kira Kwangwalam. A nan ne ƙasar Nijeriya ta ƙare a wannan hanya. Da zarar an wuce shingen ma'aikatan kwastan da na shige da fice, sai Maimujiya ta Jumhuriyar Nijar, daga nan kuma hanya ta miƙe zuwa Matamaye da Damagaram. Mutanen da ke zaune hagu da dama na wannan iyaka harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, suna aure da juna, suna kuma cin kasuwa tare, musamman ma babbar kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa wadda takan tara fatake daga ƙasashen biyu.

Shingen yakan tsayar da mota, ya tsayar da buhun shinkafa, amma bai taɓa tsayar da ciwo ba. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, an sake rufe iyakar Nijar a 2023 bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai, sa'an nan aka buɗe a watan Maris na 2024. Duk tsawon wannan lokaci ƙyanda da sanƙarau da mashaƙo ba su nemi izinin kowa ba. A 2023, lokacin da mashaƙo yake kashe yara a Kano da Katsina da sauran jihohin arewa, gundumar Matamaye da ke ƙetaren Kongolam tana cikin wuraren da cutar ta fara ɓulla a Nijar. Kafin wannan, daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, sanƙarau ya kama ɗaruruwan mutane a jihar Damagaram, a yankin da ke maƙwabtaka da Nijeriya.

Saboda haka ne masu lura da harkokin kiwon lafiya suke ganin cewa wuri irin Kongolam ya kamata a riƙa tura ɗaliban da ke koyon aikin wayar da kan jama'a, watau waɗanda gobe za su zama bakin hukuma wajen gaya wa talakawa yadda za su kare kansu daga cuta. Abin tambaya shi ne, mene ne ɗalibi zai koya a nan wanda ba zai samu a aji ba, kuma wane tanadi ya kamata a yi masa kafin a tura shi?

ASALIN AIKIN

Aikin gaya wa jama'a maganar lafiya ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin En'e akwai malaman tsabta, waɗanda aka fi sani da duba-gari, da yawansu an horar da su a Makarantar Tsabta ta Kano wadda aka kafa a 1932. Su ne masu shiga gida gida suna duba randa da shadda da kwatami. Akwai kuma malaman lamba masu yi wa jama'a rigakafin agana, da motar majigi wadda takan kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi da dare ta nuna hotunan tsabta da noma. Kafin zuwan kowannensu, sanƙira ya riga ya zaga gari ya yi shela da umurnin sarki.

Wannan tsari ya yi amfani, gama da irinsa aka yaƙi agana har ta ɓace daga Nijeriya a 1970, shekara goma kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ita daga doron ƙasa a 1980. Amma yana da aibinsa. Duba-gari ya fi dogara ga tara da sammaci, har ya zama da an hango shi mata sai su shiga ɓoye tukwane. Mutane suna bin umurni don tsoro, ba don sun gane dalili ba, kuma abin da aka yi don tsoro yakan tsaya ranar da mai tsoratarwa ya juya baya.

Taron Alma-Ata na 1978 ya sauya tunanin duniya a kan wannan al'amari. A can aka amince cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙi, kuma ilmantar da jama'a shi ne abu na farko a cikin sassansa. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗauki wannan aƙida ya kafa ta a ƙananan hukumomi. Daga nan aka ƙarfafa makarantun koyon aikin lafiya domin su fitar da ma'aikatan karkara, waɗanda aikinsu bai tsaya ga ba da magani kaɗai ba, har da shiga unguwanni suna yi wa mutane bayani. Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, tana da irin waɗannan makarantu a Kankiya da kuma Daura.

HANYOYI BIYU

Ɗaliban da ke koyon wannan aiki a fili iri biyu ne, kuma ta ƙofa daban daban suke fitowa. Na farko su ne ɗaliban makarantun koyon aikin lafiya, masu karatun kiwon lafiyar jama'a da na tsabtar mahalli. Tilas ne kowannensu ya yi wani lokaci a ƙaramin asibiti da cikin ƙauye kafin ya sami takardar shaida. A nan yake koyon zana taswirar gari, da ƙidayar gidaje, da gano cututtukan da suka fi damun mutane, da tsayawa gaban mata ranar awo ko ranar allura ya yi musu jawabi.

Na biyu su ne ɗaliban aikin jarida da sadarwa na jami'o'i da kwalejojin fasaha. Su kuma suna fita ne a ƙarƙashin shirin nan na koyon aiki da ake kira SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, ya ƙirƙiro a 1973, bayan kafa asusun kansa a 1971. Ɗalibin kwalejin fasaha yakan yi wata huɗu, na jami'a kuwa wata shida, kowanne da littafin da yake rubuta aikinsa na yau da kullum, shugaban wurin yana sa hannu. Yawancin waɗannan ɗalibai gidajen rediyo da talabijin da ofisoshin watsa labarai na birni suke nufa, domin a can ne suke ganin martabar sana'arsu take.

To, matsalar ita ce, ɗalibin lafiya ya san ciwo amma sau da yawa bai san yadda ake shirya magana ba. Ɗalibin sadarwa kuwa ya san shirya magana amma bai san ciwo ba. Na farko zai tsaya gaban mata ya zuba musu kalmomin likitanci da ya haddace a aji, su yi shiru suna jijjiga yara har ya gama. Na biyu zai tsara sanarwa mai daɗin ji, amma a cikinta ya kuskure yawan allurar da yaro yake bukata. Da za a haɗa su biyun a wuri ɗaya, a ƙarƙashin ma'aikaci ɗaya mai ƙwarewa, da kowanne ya cike gurbin ɗan'uwansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

DARASIN SHAN-INNA

Wanda yake tsammanin magana abu ce mai sauƙi a harkar lafiya, sai ya tuna da abin da ya faru a 2003. A wannan shekara jita-jita ta bazu cewa maganin ɗigon shan-inna yana ɗauke da abin da zai hana 'ya'ya mata haihuwa. Wasu jihohin arewa suka dakatar da rigakafin, Jihar Kano kuwa ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an samo maganin daga ƙasar Indunusiya. Kafin nan cutar ta riga ta ƙetare iyaka, daga baya kuma ta shiga ƙasashe kusan ashirin da a da suka rabu da ita.

Jita-jitar ƙarya ce, amma ba daga sama ta faɗo ba. Mutane ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, kuma a tsakiyar annobar kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano. Goma sha ɗaya daga cikin yaran da aka sa a gwajin sun rasu, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a 2009. Bayan wannan, talaka yana da wata tambaya wadda ba a ba shi amsarta ba: me ya sa ake biyo shi har gida da maganin shan-inna kyauta, alhali in zazzaɓi ya kama ɗansa ya je asibiti sai an ce ya sayo magani?

Ko sunan cutar ma darasi ne. Bahaushe ya kira ta shan-inna ne domin a al'adance ana jingina ta ga Inna, wata daga cikin iskoki, wadda aka ce ita ce take shanye ƙafar yaro. Mutumin da ya yi imani da haka, in aka ce masa ɗigo biyu a baki zai kare ɗansa, tilas a fara yi masa bayanin yadda ƙwayar cutar take fita ta bayan gida, ta shiga ruwa ko abinci, ta kai bakin wani yaro. Wanda ya zo da izgili ga abin da mutum ya gada, to, ya rufe ƙofar da ya zo buɗewa.

Abin da ya juya al'amarin shi ne komawa ga mutanen da jama'a suka yarda da su. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan arewa kan kiwon lafiya matakin farko bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar. Umurni ya riƙa sauka daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, sarakuna kuma suna ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu maganin a gaban jama'a. Daga 2012 aka ɗauki dubban mata 'yan sa kai daga cikin unguwanninsu suna shiga gidajen maƙwabta, aka sa limamai da malaman allo da waɗanda cutar ta shanye wa ƙafafu a cikin aikin, har tsohon majigi ma aka farfaɗo da shi. Aikin bai tafi ba tare da hasara ba, gama a watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Duk da haka an ci gaba, har aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Borno a 2016, sa'an nan ranar 25 ga Agusta, 2020, aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Saura wani nau'i da yake ɓulla inda yaran da ba a yi wa rigakafi ba suka yi yawa, shi ya sa har yanzu ba a daina ɗigon ba.

Maganin da aka ƙi a 2003 da wanda aka karɓa daga baya aikinsu ɗaya ne. Abin da ya sauya shi ne mai maganar da kuma yadda ya yi ta.

ABIN DA IYAKA KE KOYARWA

Darasi na farko da ɗalibi zai samu a Kongolam shi ne cewa Hausa ɗaya ce amma kunne biyu ne. Matar da ta zo daga ƙetare in ta ce za ta likita, asibiti take nufi, shi kuwa likitan ta san shi da lokotoro. Katin allurar ɗanta da Faransanci aka rubuta shi, kuma tsarin asibitocin ƙasarta ya sha bamban da na Nijeriya. Ɗalibin da bai iya duba wannan kati ya gane allurar da aka yi da wadda ta rage ba, zai iya sallamar yaron da bai kammala ba, ko ya maimaita abin da aka riga aka yi.

Darasi na biyu shi ne ma'auni. A shekarun 1980, lokacin da aka yi gangamin ruwan gishiri da sukari domin ceton yara masu gudawa, ma'aunin ruwan da aka koyar a faɗin ƙasa shi ne kwalbar giya ɗaya, ko kwalbar lemo biyu. A garin Musulmi irin Daura, gida nawa ne za a shiga a tarar da kwalbar giya? Wanda ya tsara saƙon a ofis bai yi ƙarya ba, amma rabin maganarsa ba ta da amfani a nan. A yau ƙullin gishirin da aka haɗa a masana'anta ake bayarwa tare da ƙwayar zinki, amma ƙa'idar ba ta sauya ba: kafin a buga sanarwa ko a zana hoto, tilas a gwada shi a kan mutanen da aka yi dominsu, a tambaye su abin da suka gane.

Darasi na uku shi ne sanin wanda yake da iko a gida. Ana tara mata a asibiti a gaya musu cewa allurar da ke kare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe-haƙora sau uku ake yin ta, yana da mako 6, da mako 10, da mako 14, ta ƙyanda kuma a wata 9 da wata 15. Matar ta ji, ta kuma yarda, amma fita sai da izinin maigida, kuɗin babur kuma daga aljihunsa zai fito, uwar miji ma tana da ta cewa. In yaro ya yi zazzaɓi bayan allurar farko kuma ba a riga an gaya wa uban cewa haka yakan faru ba, to, da wuya a ga yaron a ta biyu. Maƙwabta sun gane wannan, shi ya sa tun wajen 2008 aka fara abin da ake kira makarantar mazaje a jihar Damagaram da taimakon Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta suke zama su tattauna lafiyar matansu. Ɗalibin da ke Kongolam zai ji labarin wannan daga bakin waɗanda suka gani.

Darasi na huɗu shi ne girmama waɗanda aka tarar. In maƙogwaron yaro ya kumbura, gidan wanzami ake fara zuwa a ce beli ne a cire. In kuwa mashaƙo ne, kowace rana da aka ɓata tana ƙara kusantar da yaron ga halaka, domin cutar takan yi wata fata a maƙogwaro ta toshe numfashi, dafinta kuma yakan taɓa zuciya. Ɗalibin da ya tsaya yana zagin wanzamai ba zai rage ko yaro ɗaya daga masu zuwa wurinsu ba. Wanda ya je ya gaida sarkin aska, ya nuna masa alamun da in ya gani sai ya tura asibiti, shi ne ya ƙara wa asibiti ido. Haka abin yake ga ungozoma, da mai kemis, da shugaban 'yan tasha.

Darasi na biyar kuwa na wannan zamani ne. Sanƙira yana nan, rediyo yana nan, amma yanzu saƙon murya a WhatsApp yakan tashi daga Kano da safe, kafin azahar an saurare shi a rumfunan kasuwar Mai'aduwa, da yamma ya kwana a Matamaye. Ɗalibin sadarwa zai yi amfani ƙwarai in aka koya masa zama a majalisa da tasha yana sauraro, ya rubuta jita-jitar da ke yawo, ya kai wa jami'in wayar da kai na ƙaramar hukuma tun ba ta yi jijiya ba.

INDA GIZO KE SAƘAR

Duk wannan ba zai samu ba sai an gyara yadda ake tura ɗalibai. Sanannen abu ne cewa a wurare da yawa koyon aiki ya zama al'ada kurum. Ɗalibi yakan zaɓi ofishin da ke kusa da gidansu, ya riƙa leƙawa jefi jefi, a aike shi sayen abinci ko kwafin takarda, ranar ƙarshe a cike littafinsa a buga hatimi. Malamin da ya kamata ya zo duba shi ba a ba shi kuɗin mota ba, ma'aikacin da aka damƙa masa shi kuma aiki ya yi masa yawa. Irin wannan ɗalibi zai fita da takarda, amma ranar da annoba ta zo aka ce ya tsaya gaban magidanta masu fushi, a ranar ne zai fara koyon aikin, kuma da rayukan mutane zai koya.

Gyaran ba ya bukatar sabuwar hukuma. Makarantu da sashen kiwon lafiya na ƙananan hukumomi biyar na Masarautar Daura, watau Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Baure, za su iya zama su tsara jerin wuraren da ake bukatar ɗalibai, musamman garuruwan kan iyaka. Ya kamata a tura su ƙungiya ƙungiya, a haɗa ɗaliban lafiya da na sadarwa, maza da mata, gama namiji ba ya shiga cikin gida, mace kuma ba ta zama a majalisar maza. A fara gabatar da su ga hakimi da dagaci bisa ga al'ada, a sama musu masauki, a kuma biya su ɗan alawus ɗinsu a kan lokaci, domin ɗalibin da bai karya kumallo ba ba zai yi yawon unguwa da zuciya ɗaya ba.

Haka kuma ya kamata a sauya ma'aunin da ake auna su da shi. Yawan jawabin da ɗalibi ya yi ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne yara nawa ne da suka tsaya a allurar farko ya bi sawunsu har suka dawo, gidaje nawa ne da suka ƙi ya zauna da su har suka faɗi dalilinsu, kuma wane saƙo ne ya gwada ya ga bai shiga ba ya gyara. Dole kuma a ja masa kunne a kan abu biyu: kada ya yi alkawarin abin da asibiti ba ta da shi, kuma kada ya kai sirrin gidan da ya shiga majalisa. Amanar da aka yi shekaru ana ginawa, baki ɗaya yana iya rushe ta.

Ma'aikatan gwamnati da ke tsara kasafi su sani cewa kuɗin man babur na malamin da zai duba ɗalibai bai kai kuɗin gadon jinya ɗaya na lokacin annoba ba. Su kuma ɗalibai, in takardar tura su ta fito suka ga an rubuta Kongolam, kada su ruga neman a sauya musu zuwa birni. Ofishin birni zai koya musu rubuta rahoto. Bakin iyaka kuwa zai koya musu yin sallama a ƙofar gidan da ba a san su ba, su jira a amsa, sa'an nan su faɗi maganar da za ta sa uba ya ɗauko ɗansa da hannunsa.